Yadda mai shago zai yi aiki da 'yan jinga ba tare da ya jawo wa kansa rigimar haraji ko ta kotu ba

Na daɗe ina riƙe wa masu shaguna littafin lissafi a Kano, daga masu atamfa a Kantin Kwari zuwa masu waya a Farm Centre, har da matan da ke saye da sayarwa daga ɗakunansu ta WhatsApp da Instagram. A 'yan shekarun nan da wuya ka sami mai shagon da ba ya aiki da mutanen da ba yaransa ba: mai babur da ke kai wa kwastoma kaya, mai ɗaukar hoton kaya, yarinyar da ke kula da shafin talla, ɗan kamasho da ke kawo masu saye, 'yan dako da ke sauke mota. Kowa ya yi nasa, a biya shi, ya kama gabansa. Tsarin yana rage nauyi, musamman a goman ƙarshe na azumi da kasuwa ke buɗewa, hannu biyu ba sa isa.

Inda ake samun matsala shi ne hukumar haraji da kotu ba sa duba sunan da ka laƙaba wa mutum. Yadda aikin ke gudana suke dubawa. Kana iya cewa wane ɗan jinga ne, amma in kullum shi ke buɗe shago ƙarfe 8, babur ɗinka yake hawa, kuma ba shi da ikon yi wa wani aiki, to a idon doka ma'aikacinka ne, da duk haƙƙoƙin da ke biye da hakan. Tun da sabbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, sakaci a wannan fanni ya ƙara tsada. Ga yadda nake tsara wa masu shago abin daga farko.

Abubuwan da za ka tanada

Littafi mai bango mai ƙarfi wanda ba za a rubuta komai a ciki ba sai biyan ma'aikata da 'yan jinga. In kana da kwamfuta ka yi jadawali a ciki, amma littafin ma ya wadatar.

Littafin rasit mai kwafi biyu, da tambarin shago in akwai.

Asusun banki na shago, daban da wanda kake cefanen gida da shi. Wannan kaɗai yana kashe rabin rigima.

Lambar harajinka, da takardar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da kasuwanci, in ka yi rajista.

Fayil ko jakar leda mai zif ga kowane mutum, inda za ka ajiye kwafin katin shaidarsa, da takardar yarjejeniya, da rasit. Kwafi na ce. Kada ka riƙe wa mutum asalin katinsa ko takardar makarantarsa a matsayin jingina.

Shaidu biyu, waɗanda ba 'yan gidanku ba.

Mataki na 1: Rubuta duk wanda kuɗinka ke shiga hannunsa

Zauna da daddare bayan an tashi, ka buɗe alat ɗin wata uku da suka wuce, ka fitar da sunan duk wanda ka biya don wani aiki. Ka haɗa da waɗanda kake ba tsabar kuɗi daga aljihu, domin su ne aka fi mantawa. A gaban kowane suna rubuta abu huɗu: aikin da yake yi, kwana nawa yake zuwa a mako, yadda ake biyansa (kullum, ko wata, ko kan kowane saƙo), da kuma na wa ne kayan aikin da yake amfani da su.

Mataki na 2: Raba ma'aikaci da ɗan jinga

Nan ne gaɓar, kuma nan nake son ka fi daɗewa.

Malamanmu na fiƙihu sun riga kowa yin wannan rabo a babin ijara. Akwai wanda ka ɗauka ka mallaki lokacinsa, kamar yaron shago, ko an yi ciniki ko ba a yi ba ladansa na nan. Akwai kuma mai sana'a da ke karɓar aikin jama'a, kamar tela ko marini, wanda aikin ka saya ba lokacinsa ba. Dokar ƙasa ma kusan haka ta raba. A 2008 Kotun Ƙoli, a shari'ar Shena Security da Afropak, ta jero alamomin da ake dubawa, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana amfani da su har yau. Na mayar da su tambayoyi. Yi wa kowane suna a littafinka:

Albashi ake ba shi a ƙayyadadden lokaci, ko kuɗin aiki idan ya gama?
Wa ke da babur, ko kyamara, ko wayar da ake aikin da ita?
Zai iya turo ƙaninsa ya yi aikin a madadinsa ba tare da ya nemi izininka ba?
Kai ka yanka masa lokacin zuwa da na tashi?
A shagonka yake wuni, ko daga inda ya ga dama yake aiki?

Na ƙara guda biyu daga abin da na gani a kasuwa: yana da wasu kwastomomi banda kai? In ya ce yau ba zai karɓi aiki ba, akwai hukuncin da zai biyo baya?

Ba tambaya ɗaya ke yanke hukunci ba, haɗuwarsu ake dubawa. Mai ɗaukar hoto da ke zuwa da kyamararsa sau biyu a wata, ya yi wa shago biyar aiki a mako, wannan ɗan jinga ne ba tantama. Mai babur da ke da nasa babur, ka kira shi in saƙo ya samu, ya ce maka yana Hotoro sai bayan awa ɗaya, shi ma haka. Amma wanda ka saya wa babur, ka ɗaura akwati mai sunan shagonka, yana zaune a bencin ƙofar shago daga safe zuwa magariba, ko da kan kowane saƙo kake biyansa, wannan ya fi kusa da ma'aikaci. Ka sa shi a layin ma'aikata.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka rubuta "wannan ba ma'aikacina ba ne" a takarda ya gama magana. Kotun Ma'aikata tana fifita abin da ke faruwa a zahiri kan abin da aka rubuta. Ba a nan kaɗai ba ma. A 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce direbobin Uber da suka kai ƙara suna da haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu, duk da takardun da ke cewa masu zaman kansu ne, saboda kamfanin ne ke yanka farashi da juya akalar aikin.

Idan mutum ya tsaya a tsakiya ka rasa inda za ka sa shi, kana da zaɓi biyu na gaskiya. Ko ka ɗauke shi ma'aikaci sosai, ko ka sake shi ya zama ɗan jinga sosai: ka daina yanka masa lokaci, ka bar shi ya karɓi aikin wasu. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka riƙe shi kamar yaronka amma ka biya shi kamar baƙo. Wannan zalunci ne tun kafin a zo maganar doka.

Mataki na 3: Rubuta takardar jinga

Ba sai ka nemi lauya don jingar naira 30,000 ba. Shafi ɗaya da Hausa ya isa, muddin ya ƙunshi waɗannan: sunayenku da adireshi da lambar waya, ainihin aikin, a fayyace (hoton kaya kala 40, ko kai saƙo cikin birni kan kuɗi kaza kowane ɗaya), kuɗin da lokacin biya, wa zai sayi mai, wa zai sa data, abin da za a yi in kaya ya ɓata ko ya lalace, cewa za a cire haraji daga kuɗin in doka ta wajabta, da yadda kowannenku zai iya janyewa. Ku sa hannu, shaidu su sa, kowa ya riƙe kwafi.

Ga mai kula da shafin talla ƙara layi biyu. Na farko, shafin da lambar sirrinsa na shago ne, kuma da lambar wayar shago za a buɗe shi. Na biyu, hotuna da bidiyon da aka yi da kuɗinka naka ne. Na ga mace mai sayar da turaren wuta da ta rasa shafin da ta yi shekaru tana ginawa, don kawai da layin yarinyar da ke taya ta aka buɗe shi, suka ɓata, yarinyar ta tafi da shi.

In mutumin ba ya karatu, a karanta masa a gaban shaidu ya dangwala. In aikin na gaggawa ne babu lokacin takarda, tura masa saƙon WhatsApp mai ɗauke da aikin da kuɗin, ya amsa da cewa ya yarda, ka ɗauki hoton saƙon ka ajiye. Saƙon murya ma ya fi babu. Wasu suna jin nauyin rubutu da wanda suka sani, wai kamar rashin yarda ne. Ni kan tuna musu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka.

Ga mai babur da zai riƙa ɗaukar kaya masu tsada ko karɓo kuɗi daga kwastoma, nemi wanda zai tsaya masa, mutumin da ka san shagonsa ko gidansa, shi ma ya sa hannu.

Mataki na 4: Karɓi lambar harajinsa kafin biyan farko

Kafin, ba bayan ba. Da zarar kuɗi ya shiga hannu, neman takarda ya zama roƙo. A sabon tsari lambar harajin mutum tana haɗe da lambar NIN ɗinsa, ta kamfani kuma da lambar CAC, saboda haka ba wuya kamar da. Rubuta lambar a fayil ɗinsa.

Dalilin nacewa biyu ne. Harajin da ake cirewa yana ninkawa ga wanda ba shi da lamba, kamar yadda za ka gani a mataki na gaba. Sannan idan shagonka kamfani ne mai rajista, sabuwar dokar gudanar da haraji ta sa tarar naira miliyan 5 kan kamfanin da ya ba da kwangila ga wanda bai yi rajistar haraji ba.

Biya ta tiransifa daga asusun shago zuwa asusun da ke ɗauke da sunansa, ba na budurwarsa ko na mai POS ba. A wajen bayanin tiransifa rubuta aikin: "kai saƙo 12, makon farko na Maris". Inda dole sai tsabar kuɗi, kamar 'yan dako, rubuta rasit ɗaya da sunan shugabansu, adadin mutane da kuɗin, ya sa hannu. Kuma ka biya a kan lokaci. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ya ce a bai wa ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma ɗan jinga ba shi da albashin da zai jira a ƙarshen wata.

Mataki na 5: Lissafa harajin da ake cirewa daga kuɗin jinga

Akantoci na kiransa WHT. Ma'anarsa ita ce ka cire wani kaso daga kuɗin da za ka biya ɗan jinga, ka kai wa hukuma da sunansa. Ba naka ba ne, ba kuma ƙarin kuɗi ba ne a kanka. Kafin alƙalami ne na harajinsa shi, wanda za a rage masa idan ya zo biyan nasa na shekara.

Ƙa'idar da ta fara aiki a Janairun 2025 ta sa kashi 5 cikin 100 kan kamasho, da la'adar dillanci, da kuɗin aikin ƙwararru da masu ba da shawara. Sauran ayyukan hidima da ba a ware su da suna ba kashi 2 ne. Wanda ba shi da lambar haraji a ninka masa.

Misali, ɗan kamasho ya kawo maka ciniki, kamashonsa ya kama naira 150,000. Kashi 5 shi ne 7,500. Ka ba shi 142,500, ka kai 7,500 hukuma. In ba shi da lamba, 15,000 za a cire. Mai babur kuma da kuɗin saƙonninsa na wata ya kai 200,000, kashi 2 shi ne 4,000.

Amma kafin ka fara cirewa, duba ko ma ya hau kanka, domin yawancin ƙananan shaguna sun sami sassauci. Ƙa'idar ta ce ƙaramin kamfani, da kasuwancin da ba kamfani ba mai irin wannan girman, ba sai ya cire ba idan abu biyu suka haɗu: kuɗin bai wuce naira miliyan 2 a watan ba, kuma wanda ake biya yana da lambar haraji. Ka ga amfanin mataki na 4. Da lamba a fayil, mai ƙaramin shago ya huta da wannan aikin, muddin kuɗin bai wuce miliyan 2 ɗin ba. A tsohuwar doka ƙaramin kamfani shi ne wanda cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba, sabuwar ta ɗaga wannan iyaka. Je ofishin haraji mafi kusa da kai su tabbatar maka da rukunin da kake, ka nemi a rubuce.

Idan ya hau kanka, kula da inda kuɗin ke zuwa. Abin da ka cire daga mutum ɗaiɗai ko mai sunan kasuwanci na hukumar harajin jiha ne, KIRS a Kano, KADIRS a Kaduna, kuma a biya kafin 30 ga watan da ke biye. Abin da ka cire daga kamfani na hukumar tarayya ne, wadda a da ake kira FIRS yanzu NRS, kafin 21 ga watan da ke biye. Bayan ka biya, ba wa mutumin shaidar abin da aka cire. Haƙƙinsa ne.

Kurakurai uku nake yawan gani. Na farko, a cire a zuba aljihu. Wannan cin amana ne ta fuska biyu, kuma akwai tara da kuɗin ruwa a kansa. Na biyu, a ƙi cirewa alhali ya wajaba: sabuwar doka ta sa tarar kashi 40 cikin 100 na abin da ba a cire ba. Na uku, a haɗa kuɗin aiki da kuɗin da mutum ya kashe daga aljihunsa a rasit ɗaya. In mai hoto ya biya kuɗin mota da buga fosta, a ware su daban, a cire harajin daga ladan aikinsa kaɗai. Kuma gaya wa mutum maganar cirewar tun ranar ciniki. Ba abin da ke ɓata zumunci kamar a yi jinga kan 150,000 alat ya shigo 142,500 ba bayani.

Wata hanyar, ga wanda ba ya son wannan lissafi da masu babura, ita ce ya ba kamfanin kai saƙo mai rajista aikin. Kamfanin ne zai ji da mahayansa, kai rasit kawai za ka karɓa. Ya fi tsada kaɗan, wani lokaci da harajin VAT na kashi 7.5 a kai, amma nauyin mahayin ba ya wuyanka.

Mataki na 6: Sauke haƙƙin waɗanda suka faɗa layin ma'aikata

Dokar Ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki ka ba ma'aikaci takarda mai bayanin aikinsa, albashinsa, lokacin aiki, hutu, da wa'adin sallama. Tana ba shi hutun kwana ɗaya a mako, da aƙalla kwana 6 na hutun shekara da albashi bayan ya cika wata 12, da har kwana 12 na rashin lafiya a shekara in likita ya tabbatar. Mace mai ciki tana da mako 12 na haihuwa, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata 6 tana aiki. Kada tazarar biyan albashi ta wuce wata ɗaya.

Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Dokar ba ta tilasta wa wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka masu aikin kamasho ko na ɗan lokaci. Yawancin shaguna ba ta hau kansu ke nan. Ni dai nakan ce wa mai shago ya ɗauki farashin kwanon shinkafa da kuɗin A Daidaita Sahu na wata ya auna abin da yake biya da su, ya ga ko yaron zai iya rayuwa ba tare da hannunsa ya shiga aljihun shago ba.

Sai harajin albashi, wanda ake kira PAYE. Kai ke cirewa duk wata ka kai hukumar harajin jihar da ma'aikacin ke zaune, kafin 10 ga watan da ke biye. Wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba babu haraji a kansa. Ga sauran, naira 800,000 na farko a shekara babu komai, daga nan zuwa miliyan 3 kashi 15, daga miliyan 3 zuwa 12 kashi 18. Ɗauki mai albashin 100,000 a wata, wato miliyan 1.2 a shekara. Cire 800,000, saura 400,000. Kashi 15 ɗinsa 60,000 ne, wato 5,000 duk wata. In yana biyan haya, ana rage masa kashi 20 na kuɗin hayar shekara, iyakarsa 500,000. Mai hayar 200,000 za a rage masa 40,000 daga 400,000 ɗin nan, saura 360,000, harajinsa ya koma 54,000, wato 4,500 a wata. Sai ya kawo rasit ɗin haya ka sa a fayil. Kafin 31 ga Janairu kowace shekara ka miƙa wa hukumar jiha jerin ma'aikatanka da abin da aka cire wa kowa, ko da wasu sifili ne.

Akwai kuma NSITF, asusun diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki, ƙarƙashin dokar 2010. Kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin wata ne, daga aljihun mai shago, ba a cirewa daga na ma'aikaci. Dokar ta haɗa da na wucin gadi da na ɗan lokaci. Mai biyan albashin 300,000 gaba ɗaya, 3,000 ke nan a wata. A duk abubuwan da na lissafa wannan na fi matsa wa mutane a kai, dalilin yana mataki na gaba.

Fansho kuwa, dokar 2014 ta sa mai aiki ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Ta ambaci masu ma'aikata 15 zuwa sama ƙarara, hukumar fansho ta PenCom kuma tana neman masu 3 zuwa sama su shiga. 'Yan jinga ba sa cikin wannan, amma tun 2019 akwai ƙaramin tsarin fansho na masu zaman kansu da mutum ke zuba abin da ya samu. Nuna wa mai babur ɗinka hanyar, alheri ne da ba zai ci maka ko kwabo ba.

Yaron da ke koyon kasuwa a hannunka da alkawarin sallama bayan shekaru, shi ma rubuta: shekara nawa, me za a ba shi. Kada kuma ka ɗauki ƙaramin yaro dako ko aike mai nisa don yana da araha. Dokar Ƙwadago ta hana sa yaron da bai kai 12 ba aiki, sai ɗan aiki mara nauyi na cikin iyali.

Mataki na 7: Shirya wa ranar haɗari tun ba ta zo ba

Wani mai shagon takalma da nake yi wa lissafi ya sayi babur ya ba wani matashi, yana biyansa kan kowane saƙo, yana kuma ce masa ɗan jinga. Ba takarda, ba inshora. Wata rana da yamma yaron ya yi karo da mota a hanyar kai kaya, ya karye a cinya, motar ma ta lotse. Mai motar bai nemi yaron ba, sunan da ke jikin akwatin ya bi. Kuɗin asibiti, gyaran mota, da ciyar da gidan yaron na watanni duk suka dawo kan mai shagon. Ya yi abin da ya dace, ya biya, amma sai da jarinsa ya girgiza. Da ya yi rajistar NSITF da inshora, da mafi yawan nauyin ba shi zai ɗauka ba.

A doka, ɓarnar da ma'aikacinka ya yi wa wani a cikin aikinka tana iya hawa kanka. Ta ɗan jinga na gaskiya galibi tana kansa. Don haka in babur ɗin naka ne, yi masa takardu da inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, wadda dole ce ga duk abin hawa, ka tabbatar mahayin na da lasisi da hular kwano. In nasa ne, karɓi kwafin takardunsa ka duba ranar ƙarewarsu. A Kano an hana acaɓa tun 2013, saboda haka gargaɗe shi kada ya ɗauki fasinja da kayanka a baya, kada KAROTA ta kama babur da kayan kwastoma a ciki.

In ma'aikaci ya ji rauni, kai rahoto NSITF cikin kwana 7 da faruwar abin. Haɗarin hanyar zuwa aiki da komawa gida ma yana ciki.

Maganar ɓatan kaya kuma, ga ɗan jinga abin da kuka rubuta a mataki na 3 shi zai yi aiki. Ga ma'aikaci, ba ka da ikon zaftare albashinsa da sunan tara don ranka ya ɓaci. Dokar ta ce cire kuɗin asarar da ya jawo da gangan ko sakaci sai da amincewar jami'in ƙwadago a rubuce. Abin da ya fi sauƙi shi ne rigakafi: duk kayan da zai fita a rubuta, mai ɗauka ya sa hannu, kwastoma ya biya kai tsaye cikin asusun shago ba hannun mahayi ba.

Mataki na 8: Sake duba littafin duk bayan wata uku

Jinga tana rikiɗewa a hankali. Ka kira mutum ya taya ka makon sallah, sallah ta wuce yana nan, babbar sallah ta zo yana nan, yanzu shi ke riƙe da makullin shago. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar ɗaukarsa aiki, amma ya zama ma'aikaci. Duk wata uku maimaita tambayoyin mataki na 2 a kan kowa. Wanda ya tsallaka layi, zaunar da shi, ku rubuta sabuwar takarda, ka sa ranar da ya fara zuwa kullum a matsayin ranar fara aikinsa, ba ranar da kuka rubuta ba.

Wannan ranar ce za ta yi aiki idan rabuwa ta zo. Wanda bai wuce wata 3 ba, sanarwar kwana ɗaya. Daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 2, mako ɗaya. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako biyu. Shekara 5 zuwa sama, wata ɗaya. Sanarwar da ta kai mako dole a rubuce, kuma kana iya biyan kuɗin kwanakin a madadinta. Ɗan jinga kuwa sai ka biya shi duk aikin da ya kammala, ka karɓi kayanka, ka canza lambobin sirrin shafi a ranar, ya sa hannu cewa ba ya bin ka komai.

Kada ka yar da fayil ɗin wanda ya tafi. Takardun haraji ana ajiye su aƙalla shekara 6, kuma masu binciken haraji sukan tambayi shekarun baya ne. Ɗauki hoton kowace takarda da waya ka tura wa kanka ta imel, domin mun ga abin da gobarar Kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta yi wa littattafan mutane.